Kwalin da Nuhu Ya Bari

Shekara bakwai ke nan cur da rasuwar ƙanena Nuhu, malamin jami'a a Birmingham. Har yau in na ga kwali mai kyau a siton da nake aiki a Cheetham Hill, sai in tsinci kaina ina ware shi gefe, kafin in tuna babu wanda zan kai wa.

Ƙirƙirar wasannin kwamfuta Nuhu yake koyarwa, amma ɗalibansa na ajin ƙarshe sukan shafe makonni ba su taɓa kwamfuta ba. Almakashi yake ba su, da gam, da kwalayen da nake tara masa. Kowa ya yanka wasansa ya baje a tebur, a kirawo waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su buga. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya ƙirƙiri wasan ya koma gefe ya kama bakinsa, ko da ya ga ana buga shi a baibai. Inda masu bugawa suka cije, nan aibin yake, sai a yanke a sake. Na sha tsokanarsa cewa mun yi ta addu'a ya zama dakta, ga shi ya ɓige da aikin 'yan firamare. Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, ranar da wasa zai shiga hannun mutane ba na wurin. Gara in saba tun yanzu."

Ciwon hanta ya ɗauke shi yana tsakiyar haɗa wa 'yarsa Safiya wani wasa, lokacin tana da shekara shida. Allon kwali ne da murafen kwalba, ya samo shi daga darar da muke bugawa a ƙofar gida muna yara. Bayan an share makoki matarsa Hajara ta miƙo min, ta ce ba za ta iya kallonsa ba. Na naɗe shi a leda na ɗora saman kabad. Ko 'ya'yana ban yarda su taɓa ba. Gani nake in murfi ɗaya ya ɓata, na sake rasa Nuhu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, yadda yara a bas kowa ya duƙufa kan wasa a waya. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya ko an fara gwadawa a kwali. Abin da zai ce game da ledata kuwa, shi ne na ƙi tambayar kaina.

A hutun da ya wuce Safiya ta zo mana daga Aston, unguwarsu a Birmingham. Muna hira ta ce min muryar babanta ta fara ɓace mata. Maganar ta sosa min rai ƙwarai, na tashi na sauko da ledar.

Ita da ɗana suka baje allon a falo, babu mai yi musu bayani. Suka gano kansa, suka yi nisa, sai wasan ya cije: murafe sun cunkushe a kusurwa ɗaya, babu mai iya motsi. Safiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baffa, wannan corner ɗin ne problem. Akwai scissors?"

Hannunsa ne ya ja layukan nan, kuma ba ni da wani abu nasa sai wannan allo. Na buɗe baki zan hana ta, sai na ga abin da ke gabana: an buga wasansa ba ya wurin, an kuma gano aibin. Na ɗauko almakashi na miƙa mata, na koma gefe na kama bakina. Ta yanke kusurwar, suka sake bugawa, bai yi ba, ta yanke wata kusurwar.

Nuhu bai bar gadon gida ba, ba a kuma sa wa wani gini sunansa ba. Abin da ya bari shi ne wannan hali na gwadawa da gyarawa, na kuwa kusa shaƙe shi a leda saboda ƙauna. Allah ya jiƙan ƙanena, ya sa ya huta. Allon ya tafi Aston babu kusurwa biyu, kuma kwalayen da na ware a makon nan na san wadda zan kai wa.