Kwaɗon Kawu Kulle

Shekara goma sha tara ina tuƙa injin kwaɓa siminti a gidan bulo. Na sha wa'azin kiyaye haɗari har kunnena ya yi kanta, amma mutum ɗaya bai taɓa yi mini ba, shi ne makanikenmu, Kawu Kulle. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu, furfura ce ta ba shi sarautar.

Shi kwaɗo gare shi, wani ƙato na tagulla, makullin a rataye a wuyansa. Kafin ya sa ko yatsa a inji sai ya kashe akwatin wuta, ya danna masa kwaɗo, sannan ya sa ni in gwada kunnawa ya gani da idonsa. In na ce, "Haba Kawu, ai a gabana ka kashe," sai ya ɗaga mini hannun hagu. Yatsu uku da rabi ne. Yana saurayi wani abokin aikinsa ya rantse masa ba zai taɓa makunni ba. Bai kuwa taɓa ba, wani ne daban ya zo ya taɓa.

Abin ya bi shi har gida. Matarsa ta taɓa kawo mana ƙara, wai ya yi wa fankar ɗaki kejin raga har iska ta daina fitowa. "Ku yi masa magana, ni na gaji. Ƙwan fitila zai canja, sai ya kashe wutar gidan ya sa ni gadin mita kamar na yi laifi."

Manajanmu kuwa mutumin takarda ne. Babu bangon da bai manna wa "A kula" ba, amma shi ya sa aka cire ragar da ke rufe bel ɗin inji, wai tana ɓata lokaci. Kawu ya mayar da ita ya bi ta da walda.

Wata Laraba da rana tsaka, motoci uku na jiran bulo, inji a kashe, kwaɗo a jiki, Kawu ko sama ko ƙasa. Maigadi ya ce kamar ya ga fitarsa.

Na ce, "Kamar, ko ka gani?"

"To, wani mai hula dai ya fita."

Manaja ya aika aka kawo zarto. "Kai direba, zo ka yanke mini wannan abin."

"Yallaɓai, ba ni na kulle ba."

"Ni ne manaja a nan ko kwaɗo?"

"A yanzu dai kwaɗon ne, yallaɓai."

Leburori suka sunkuyar da kai suna tari. Manaja ya tuɓe kwat ya kama yanka da kansa, yana gumi yana tsaki, har zarton ya karye. Kafin a kawo wani zarton, sai na hau tsani na leƙa cikin tukunyar injin. Ga Kawu a miƙe tsakanin ƙarafan da ke juya siminti, guduma a ƙirji, baki buɗe, yana minshari. Ya shiga fasa busasshen siminti ne, sanyin wurin ya ɗauke shi.

Ban tashe shi ba. Na ce, "Yallaɓai, ɗan hawo ka ga wani abu."

Ya hawo yana faɗa. Ya leƙa, ya dubi Kawu, ya dubi ƙarafan. Sai ya zauna a kan tsanin. Nan Kawu ya buɗe ido ya gan mu a kansa.

"Wa na ji yana goga mini kwaɗo?"

Bayan mako guda manaja ya tara mu ya yi jawabi mai tsawo, ya raba mana sababbin kwaɗuna goma sha biyu, kowa nasa. Kawu ya karɓi makullinsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Makullin nan guda ɗaya ya buɗe su duka.

"Ai da gangan na zaɓi haka," in ji manaja. "Na ajiye makulli ɗaya a ofis ma, ko da za a yi sauri."

Kawu ya tattara su a bokiti ya dire masa a ƙofar ofis. Ni kuwa washegari na biya kasuwa na sayi nawa, na sa mai shagon ya jefa makulli na biyu a kwata ina kallo.