Ranar da Basarke ya hau igiyar teku

Na hau igiyar teku a tsaye, a kan katako, da furfura a gemuna. Wannan rana ba za ta bar zuciyata ba sai ƙasa ta rufe idona.

Ni Basarke ne, masunci ɗan masunci, daga bakin kogi ta wajen Gaya. Ban yi lakwal ba, wato boko, jirgi ne makarantata. Wata damina jirginmu ya kife. Ni na fita, ƙanena bai fita ba. Daga ranar na bar ruwa, ko gada zan haye sai in kau da kai. Yawon duniya ya kawo ni Greensboro, wani gari a ƙasar Turawa, ina wankin motoci a wani gareji a High Point Road.

A garejin akwai wani bakanike mutumin Jos, bakinsa kamar reza. Bai san abin da ya raba ni da ruwa ba, ni kuma ban faɗa ba. Kullum sai ya ce, "Basarke mai tsoron ruwa! Mutumina, kifi ma dariya yake maka." Wata Asabar lokacin zafi ya ce teku za mu. Na shiga watir ɗinsa, wato motarsa, don in rufe masa baki. Amma gaskiya ni ma ina so in sani, ko tsakanina da ruwa ta ƙare ke nan har abada.

Da asuba muka tashi, da hantsi muka isa. Yashi ne fari tas, ba dutse ko ɗaya. Wata dattijuwar Baturiya ke ba da hayar katakon hawan igiya. Ta yi bayani, abokina bakaniken yana fassara mini. Ta ce akwai tuddan yashi a ƙarƙashin ruwan, a kansu igiya take karyewa, kuma inda tudu ya kwana ba nan yake wayar gari ba. Ta ce mun yi sa'a, iska daga gaɓa take busowa, shi ya sa igiyar ta yi sumul. Ta ci gaba tana nuna wani wuri da yatsa, sai abokina ya ce, "Sauran surutu ne kawai. Mu je."

A gidanmu ba a shiga baƙon ruwa sai an gaishe shi. Na durƙusa, na yi bisimilla, na ɗebo da hannu na kurɓa. Gishiri! Na yi ta tofarwa ina tari. Abokina ya faɗi kan yashi yana riƙe ciki. "Miya ce, Malam, tuwo kawai babu!"

Na duba ruwan irin duban ɗan kogi. Dama da hagu igiya tana hauka, tsakiya akwai wata hanya shiru, ba kumfa. A kogi nan ake bi. Na kwanta kan katako na bi ta nan. Ashe wurin da matar ke nunawa ke nan, ta nan ruwan da ya hau gaɓa yake komawa teku da gudu. Kafin in ankara abokina ya koma ɗan mitsitsi, yana tsalle yana ɗaga hannu.

Na ga wancan ruwan damina, ja wur, da gindin jirgi a sama. Na rungume katakon na rufe ido. Sai hannuwana suka kama aiki ba da shawarata ba. Ba a kokawa da ruwa mai ja, a kaikaice ake yanka shi. Na yi ta tuƙi da hannu har jan ya sake ni.

Ina ɗaga kai sai ga dattijuwar kusa da ni a kan nata katakon, tana dariya. Ta nuna bayana, ta yi ihu. Wannan ba ya buƙatar fassara. Na tuƙa da ƙarfi, igiya ta ɗaga ni kamar an tallabe ni, na miƙe. Ta jefar da ni, na sha gishiri, na cika wando da yashi. Na koma. Ta sake jefar da ni. Ban ƙirga faɗuwar ba. Can dai ƙafafuna suka tuna tsayuwar jirgi, gwiwa a sake, ido a gaba. Na tsaya. Ruwa yana gudu a ƙarƙashina, iska a fuskata, har gaɓa.

Na ji wani yana ihu yana kirari, ashe ni ne. Abokina ya shigo ruwa da takalmansa ya rungume ni. "Kai! Na janye maganata, Basarke!"

Na ce, "Gobe ka fassara magana duka, ɗan banza."

Muka yi ta dariya kamar yara, har iska ta juya ta ɓata igiyar.

Ranar na gane ruwa bai taɓa riƙe ni da gaba ba, ni kaɗai nake gabar. Abin da ka guje wa shekara da shekaru, wata rana ka je ka gaishe shi.

Yanzu ina nan Greensboro, gwiwa ta ƙi tsayuwa. Amma duk lokacin zafi ina zuwa, in kwanta kan katako, igiya ta kawo ni gaɓa.