Yinin da Marlys ta yi ƙaryar sayar da gida

Yayata Marlys ita ke dafa wa 'yan firamare abinci a garinmu, can arewacin jihar Vermont ta Amurka, kuma duk wanda ya taɓa aiki da ita a kicin ya san ba ta haɗiye magana. Ni kuwa, Dorrie, na tafi karatu ƙasar Finland da ƙuruciyata, na daɗe, na dawo furfura ta fara leƙo mini. Gari ya canja, mutane sun canja. Abin da na tarar yadda na bar shi shi ne Marlys da Samarin.

Samarin makaɗa ne su biyar, kowannensu ya haura sittin, amma masoyansu ba su sake musu suna ba. Ba sa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu. Sai su ɗauko 'yar gajeruwar waƙa, mai jita ya saki hanya, mai ganga ya bi shi, su yi ta tafiya har su kansu ba su san inda za su ɓulla ba. Abin da aka kaɗa yau, in ba a naɗa ba, ya tafi ke nan. Shi ya sa tun farko suka yarje wa masoya su naɗa, da sharaɗin a raba kyauta. Ana ware wa masu naɗi wuri a tsakiyar fili, su kafa dogayen sanduna da makirufo a kai. Doka ɗaya ce a gindin sandunan nan: ba a magana.

Marlys da mijinta Orrin a gindin sanda suka haɗu, a nan kuma suka tsufa. A farkon shekarar da na dawo ɓarin jikinsa ya shanye. Da lokacin wasan da Samarin ke yi a wata gonar ciyawa ya zo, likita ya ce ba inda za shi. Da hannu ɗaya ya shirya mata kayan naɗin, yana nuna mata wayoyin da ta fi shi sani.

"Kawo mini naɗin fes," ya ce, bakinsa na jan maganar. "Ba tari, ba surutu."

"To, shugaba. Sai in hana tsuntsaye kuka ma."

Ni aka ɗauka rakiya. Da azahar muka kafa sanda a cikin sauran, rana na dukan mu, ƙanshin gasasshiyar masara na tasowa daga bayan fili. Masu naɗin duk sun san juna. Kowa ya tambayi Orrin, sannan da makaɗa suka hau, kowa ya kulle bakinsa.

Ba a yi nisa ba wani mutum ya ratso igiyar da aka kewaye wurin da ita, riƙe da kofin giya, rigarsa sabuwa ful. Ya tsaya daidai ƙarƙashin makirufonmu, ya juyo wurina.

"Nan ya fi daɗi. Shiru, mutum na jin abin da yake faɗa. Sunana Brantley, dillalin gidaje ne ni."

Marlys ta ɗora yatsa a leɓe, ta nuna masa sama. Ya ɗaga kai, ya yi dariya.

"Wai har yanzu ana wannan wahalar? Ai kowa na da waya."

Masu naɗi suna da dabara ga irin waɗannan. Ta zaro alewa mai tsinke daga aljihu ta miƙa masa, don mai tsotsa ba ya zance. Ya yi godiya, ya garza ta da haƙori, ya ci gaba da ba ni labarin wani gida mai kallon tafki. Na dubi fuskar Marlys. Jijiyar wuyanta ta tashi, amma ko uffan. In ta yi masa tsawa, muryarta ce za ta fi tasa fitowa a naɗin.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta kashe na'ura, ta fuskance shi.

"Malam, kunnenka ado ne? Fili ga shi har bakin daji, ba ka ga wurin tsayawa ba sai inda mutane ke aiki?"

"Haba Mama, wasa ne fa, ba coci ba."

"Ni ban haife ka ba. Da na haife ka da ka iya rufe baki. Mijina na kwance a gida, wannan naɗin shi ne zuwansa. Ka lalata masa rabi."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce, da alama har zuciyarsa, ya tafi. Wani tsoho mai naɗi a gefenmu ya yi wa Marlys jinjina.

Makaɗa suka dawo. Suka fara wata waƙa mai sanyi wadda Orrin ya fi so a cikin waƙoƙinsu, wadda sukan yi shekaru ba su taɓa ta ba. Marlys ta kama hannuna ta matse. Mai ganga ya ajiye sandunan kiɗa ya koma tafin hannu, kiɗan ya yi ƙasa har ana jin iska a cikin ciyawa. Sai ga Brantley da kofi biyu. Ya kawo mata ɗaya ne, na ban haƙuri.

"Kawuna ma ya daɗe a kwance," ya fara, da cikakkiyar murya. "Akwai wani likita…"

Na ga Marlys ta dubi dandamali, ta dubi makirufo. Ta karɓi kofin, ta saƙala hannunta a nasa, ta kai baki kunnensa. Ni kaɗai na ji abin da ta raɗa.

"Ina da gidan sayarwa. Zo mu je can mu yi magana."

Ta ja shi, suka ratsa jama'a, suka ɓace bayan motocin masu abinci, inda injin wuta ke ruri.

Ni aka bari da sanda. Na ji kaɗe-kaɗe a manyan zaurukan Turai, kowane sauti a rubuce tun kafin a haifi mai kaɗa shi. Wannan daban ne. Mai jita ya jefa 'yar gajeruwar tambaya, mai piyano ya ƙi amsawa, ya bar ta tana rataye, sai mai jita mai kaurin sauti ya ɗauke ta ya kai ta wani wuri. Suka ɓata, na ji sun ɓata, suna lalubar juna. Can sai suka haɗu gaba ɗaya, kamar an buɗe ƙofa. Tsohon da ke gefena yana hawaye, ya toshe baki da hula don kada shesshekarsa ta shiga naɗi.

Ana cikin tafa wa makaɗa Marlys ta dawo ita kaɗai. Ta duba na'ura, ta ga tana tafiya, ta fara kwance wayoyi.

"Yaya, kin ji wani abu daga can?"

"Na ji. Na ji cewa gida mai banɗaki biyu ya fi saurin tafiya."

A mota ta zazzage. Ta zagi Brantley, ta zagi wanda ya sayar masa da tikiti, ta zagi masu gadin igiya, ta haɗa da ni da na tsaya ina gyaɗa masa kai kamar 'yar baƙuwa mai ladabi. Ta ce lambar wayata ta ba shi, in ji da shi.

Washegari da hantsi Orrin ya sa abin sauraro a kunne, ya zauna a kujerarsa ta bakin taga. Rabin farko ya yi ta tsaki. Da aka shiga na biyu ya yi tsit, hannunsa mai lafiya na bin kiɗan a kan gwiwa. Marlys na kicin tana wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

"Marlys," ya kira. "Ba su taɓa kaɗa ta haka ba. Wurin da mai piyano ya yi shiru, me mutane suka yi?"

"Tambayi Dorrie."

Ya dube ni. Na gaya masa inda ta kasance. Ya cire abin daga kunnensa ya miƙa mata.

"Zo ki ji."

Ta fito tana goge hannu, ta dubi abin, ba ta karɓa ba.

"Naɗi na wanda bai je ba ne," ta ce. "Ni na je."

Har yau ba ta saurare shi ba.