Yaya Ilyasu, kwamfutarsa da adakar Kakanmu

Shekara ashirin ke nan da rasuwar yayana Ilyasu, Allah Ya jiƙansa. A danginmu na Kusfa, cikin birnin Zariya, har yau akwai waɗanda in aka ambaci sunansa sai su yi masa addu'a, sannan su yi ɗan shiru. Na san abin da ke cikin shirun nan, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani da idona.

A ƙarshen mulkin soja ne ya shigo da kwamfuta gidanmu. Yana aikin gyaran na'urori a jami'a a Samaru, aka yi gwanjon tsofaffin kaya, ya sayo ɗaya ya ɗauro ta a bayan babur. Manhajar da ya sa mata Linux ake kiranta. A faifan sidi ta iso ta gidan waya, wani baƙon malami da ya taɓa aiki da su ne ya aiko masa daga ƙasarsu. Ya ce kyauta ce, kuma kowa na da izinin ya buɗe cikinta ya gyara yadda yake so. Ni a lokacin ina kwalejin horon malamai, in na dawo nakan zauna a shagonsa da ke kusa da zaure ina koyo.

Abin da ya ci masa rai shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Injin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ya yi watanni yana tona cikin manhajar har ya koya wa maɓallan rubutun su, kuma suka fito a takarda. Burinsa shi ne ya juya waƙoƙin wa'azin da Kakanmu ya bari da ajami zuwa boko, don yaran da ba sa karanta ajami. Littattafan suna cikin wata adaka a turakar Baffa Malam Lawal, ƙanin mahaifinmu, wanda ke riƙe da gidan. Da farko Baffa ya bar shi yana ɗauka yana mayarwa.

Ilyasu mutum ne mai ƙa'ida da injin nan. In allon ya sandare, ba ya yarda in kashe daga bango. Ya nuna min maɓallai uku da ake dannawa tare, su rufe tagogin da ke kan allon kawai su bar injin yana aiki. In rubutun gargaɗi ya fito, sai na karanta shi a bayyane kafin in taɓa komai, domin a cewarsa yawanci injin ya riga ya faɗi abin da ke damunsa. In ana neman matsala, abu ɗaya ake canjawa a gwada, ba biyu ba. Ya buɗe min sashena da kalmar sirrina, ya hana ni shiga da sunan mai iko da injin, ya ce shi ma ba ya shiga da shi sai gyara ya kama. Kowane aiki kuma sai an kwafe shi a disket biyu, wato ɗan faifan ajiya mai shiga aljihu.

Ana cikin haka littafi ɗaya ya ɓace daga adakar, wani ƙarami mai bangon fata. A wancan lokacin ana ta maganar mutanen da ke bin gidajen malamai suna sayen tsofaffin littattafai su fitar da su waje, kuma ba ƙarya ba ne, an taɓa zuwa wurin Baffa da kansa. Nan da nan magana ta zagaye gida: Bature ya aiko wa Ilyasu kaya kyauta, littafi kuma ya yi ƙafa.

Wata ranar Asabar da hantsi Baffa ya shigo shagon. Bai zauna ba.

"Ilyasu, wanda ya aiko maka faifan nan, me ka ba shi?"

"Ban ba shi komai ba, Baffa. Kowa ma kyauta yake samu."

"Mutanen da ba su san ka ba, su yi wahala su ba ka kyauta. Kai ka yarda da wannan?"

Kafin ya amsa aka ɗauke wuta, aka maido. Injin ya tashi yana zubo rubutun Turanci layi bayan layi. Baffa ya nuna allon da sandarsa ya ce, "Yanzu wa yake yi wa bayani?" Ilyasu ya ce injin duba kansa yake yi, ko yankewar wutar ta lalata wani abu, kuma in aka katse shi a nan ne ake asara. Da injin ya gama, sai Ilyasu ya kashe shi, ya kwance murfin, ya nuna wa Baffa cikinsa, ya ce gidan nan ko wayar tarho babu, babu ta inda magana za ta fita.

Baffa ya leƙa sosai, sannan ya ce, "To wannan ɗan faifan da kake sawa a aljihu ka tafi Samaru fa?"

Ilyasu ya ce, "Gaskiya ne, Baffa. Ta nan komai zai iya fita. Ban fitar ba, amma ba ni da yadda zan nuna maka."

Na ɗauka aikin ya mutu ke nan. Baffa ya sa wa adakar kwaɗo. Bayan makonni sai ya kawo sharaɗinsa: littafi ba zai bar hannunsa ba, shi zai karanta, Ilyasu ya buga, disket kuma a wurinsa za su kwana. Haka aka yi. Baffa a kan buzu yana rera baiti, Ilyasu yana bugawa, in ya yi kuskure Baffa ya sa a goge. Ranar zuwa gurzawa a Samaru kuwa, Baffa kan hau bayan babur da disket a aljihun rigarsa, ya tsaya a kan firinta har takarda ta ƙarshe ta fito. Ban taɓa jin an ce sun yi hira a hanya ba.

Kwanan baya wasu matasa suka zo gidan, masu ladabi, suka ce za su ɗauki hoton littattafan da waya don a adana su, ba sai mun biya ba. Na tambaye su ina za a ajiye, wa ke da ikon wurin, kuma in mun ce a goge za a goge? Na ce su dawo in sun samo amsa. Ina jin da Ilyasu yana raye da ya fi ni tambaya. Shi da ya yarda da abin kyauta don ana iya leƙa cikinsa, ban san yadda zai yi da waya mai neman hotunanka da lambobin mutanenka kafin ta haska maka fitila ba. Mai yiwuwa da yanzu shi ne Baffan gidan.

Littafin nan mai bangon fata ba a gan shi ba har yau. Ni na yarda da yayana, amma hujjata ita ce sanin halinsa kawai, kuma wannan ba ta isar wanda ya riga ya ƙulla zargi. Ciwon hanta ya ɗauke shi aikin bai kai ƙarshe ba. Baffa bai taɓa cewa ya wanke shi ba. Amma bayan sadakar arba'in ya aika aka kira ni, ya ce, "Hauwa, kin iya injin nan?" Na ce na iya gwargwado. Ya ce, "To gobe bayan la'asar ki kunna, saura littafi biyu." Muka ƙarasa su ni da shi, a kan sharaɗin da ya gindaya wa Ilyasu, bai rage min ko ɗaya ba.

Baffa ma ya rasu, kwamfutar ta daɗe da lalacewa. Takardun dai an yi ta kwafarsu, sun shiga makarantun Islamiyya na unguwa. Da yamma in na bi ta wajen Ƙofar Kuyambana nakan ji yara suna rera baitocin Kakanmu. Sun san sunan mai waƙar, ba su san wanda ya buga ta ba. Ku da kuka karanta wannan yanzu kun sani, ku sa shi a addu'a.