Mai Gyaran Rediyo a Layin Masu Zane

Tsakanin shagon zane-zane da sabon gidan shan kofi, wani tsoho na zaune a benci, tabaransa ɗaure da zare. Bayansa tsofaffin rediyoyi ne jibge har rufi, ko wurin miƙe ƙafa bai rage masa ba. Da gani ya riga masu zanen nan zuwa unguwar da shekara talatin.

Duk wanda ya rage tafiya, sai ya gyara zama yana leƙen hannunsa, ko mai kawo gyara ne, ko mai karɓa. Ina! Waya ake ɗagawa, a ɗauki hoto, a wuce.

Ga wata budurwa ta tsaya. Ta ja da baya, ta karkata kai, ta daɗe tana kallon tulin.

"Sannu, Baba. Kai ka haɗa wannan?"

"Ni ne, 'yata."

"Kai, ya taɓa ni! Wane saƙo yake ɗauke da shi?"

Ya waiwaya ya dubi tulin.

"Masu su su zo su kwashe abinsu. In za ki yaɗa hoton, don Allah rubuta haka a ƙasa."