Garga Mai Matse Sa a Bango

Duk wanda ya taɓa yanka sa a unguwar Briqueterie ta Yawunde, na suna ne ko na biki ko na layya, ya san Garga. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don ita ake gani in yana aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya. Daga wani ƙauye kusa da Garwa ya zo Yawunde yana ɗan shekara sha tara, da Fillanci a bakinsa da 'yar Hausar kasuwa, ya faɗa hannun Baba Haman mahauci, bai sake fita ba. Bana shekararsa arba'in da ɗaya.

Lungunan unguwar ba su da filin da za a zagaya sa da igiya a kayar da shi kamar yadda ake yi a gida. In mutum biyu suka haɗu a wani lungun, sai ɗaya ya karkace. Shi ya sa mahautan wurin ke matse san a jikin bango, kuma wannan shi ne aikin Garga. Zai shiga ta gefe, ya cusa kansa ƙarƙashin muƙamuƙin san, ya zura hannu ɗaya ta bayan ƙafar gaba, ɗayan ya kama tozo, ya dasa ƙafafunsa, ya zuba duk nauyinsa a haƙarƙarin dabbar har ta manne da siminti. Daga nan nasa ya ƙare. Baba Haman ne zai zo da igiya ya ɗaure ƙafafu ya ja, Malam Alim ya zo da wuƙa. Shi kuwa Garga yana nan yana jira, yana shafa wuyan san yana ce masa, "Yi haƙuri, yanzu za a gama," can kuma ya waiwaya ta kafaɗar hagu ya ga ko igiya ta iso. Sa'ad da wuƙa za ta sauka idonsa a rufe yake gam. Shekara ashirin da biyu a fawa bai taɓa kallon yanka ba, kuma shi da bakinsa yake faɗa, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Akwai wata bazawara a unguwar Ekoudou, Raliya, mai sayar da shinkafa da miya a bakin titi. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Nuriyya. Kullum da safe takan zo teburin Baba Haman sayen ƙashi da tumbi, kuma kullum Garga ne ke auna mata. In ya gama aunawa sai ya ƙara mata gyara: yau hanta, gobe ƙoda, ranar Juma'a har da tsoka. Shekara shida ana haka. Yana sonta, so mai tsanani, unguwa duk ta sani, ita ma ta sani. Abin da ya taɓa fita daga bakinsa dai shi ne, "Maman Nuriyya, ga wannan a ƙara wa miya." A ransa kuwa ya gama shirya komai: wata rana Baba Haman zai lura, ya sa babbar rigarsa, ya je ya nema masa aurenta. Bai taɓa gaya wa Baba Haman ba. A ganinsa ai babba shi ke ganewa da kansa.

Shigarsa faɗan keji kuwa wani sa ne ya jawo. A wani suna a unguwar Tsinga ya matse wani jan bijimi mai faɗa har ya daina shure-shure, ashe cikin masu kallo akwai Misbahu, wanda ke koyar da faɗan nan na cikin keji, inda ake haɗa dambe da kokawa da shuri. Misbahu ya ja shi gefe ya ce, "Mon frère, ka san abin da ka yi yanzu? Shi nake koya wa mutane wata shida ba su iya ba. Kai a ƙarƙashin haɓa, hannu a hammata, ƙugu a manne. Wa ya koya maka?"

"Shanu," in ji Garga.

Ya fara zuwa wurin Misbahu bayan la'asar. Wurin wani tsohon sito ne da aka kafa wa ragar ƙarfe a gefe guda. Misbahu zai jingina ɗaya daga cikin 'yan wasansa da ragar ya ce Garga ya riƙe shi minti biyu. Ba wanda ya taɓa kuɓucewa. Ƙarti masu tsayin ƙofa sukan yi ta mutsu-mutsu har numfashinsu ya ƙare, sai Misbahu ya duba agogo ya ce, "Temps," Garga ya saki. An nuna masa yadda ake dukan ciki da gwiwa daga wannan riƙo, an nuna masa yadda ake ɗebe ƙafa a kai mutum ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya gwada sau biyu a kan buhu, aka ce ya yi. Babu wanda ya lura cewa a duk atisayen nan wani ne ke zuwa ya kawo ƙarshen abin.

Ana cikin haka wata safiya Raliya ta tsaya a gaban tebur fiye da yadda ta saba. Ta ce, "Malam Garga, Yaya Zakari zai zo daga Ngaundere mako mai zuwa. Ya ce zaman ya isa haka, mace ita kaɗai da yarinya a garin mutane. Ranar Lahadi za mu bi jirgin ƙasa na yamma."

Garga ya ce, "Allah ya kawo shi lafiya." Sannan ya yanko hanta mai yawa ya jefa mata a leda.

A ranar ya je ya ce wa Misbahu a sa sunansa a wasan Asabar. Lissafinsa shi ne: in ya ci, labari zai cika unguwa, Baba Haman zai ga ashe yaron nasa ya isa mutum, ya tashi da kansa ya je wajen Zakari kafin jirgi. Ko a lokacin da yake ƙulla wannan lissafi, in ji shi, ya ji akwai wani wuri da ke yoyo, amma bai tsaya dubawa ba.

Asabar da yamma aka yi wasan a wani zaure a Tsinga. Abokin karawarsa wani dogo ne daga Duwala da ake yi wa laƙabi da Marto. Ana kaɗa ƙararrawa Marto ya kawo naushi, Garga ya sunkuya ya shige masa kamar yadda yake shige wa sa, ya tura shi har jikin raga, ragar ta yi ƙara. Kai ƙarƙashin haɓa, hannu a hammata. Marto ya yi dama, ya yi hagu, ya ga babu hanya. Mahautan da suka zo kallo suka ɗauki ihu.

Sai Garga ya tsaya yana jira.

Misbahu na bayan raga yana cewa, "Genou, Garga, gwiwa, sa masa gwiwa." Garga na ji, amma jikinsa ya riga ya san cewa aikinsa ya ƙare. Hannunsa na dama, da safar faɗan da komai, ya hau shafa wuyan Marto. Waɗanda ke kusa sun rantse sun ji ya ce, "Yi haƙuri, yanzu za a gama." Sannan ya waiwaya ta kafaɗar hagu. Alƙalin wasa ya gaji da kallon ƙarti biyu a rungume ba abin da ke faruwa, ya raba su ya mai da su tsakiya.

Garga ya sake kama Marto, ya sake kai shi raga, ya sake waiwayawa, aka sake raba su. A turmi na biyu Marto ya riga ya gane mutumin da yake faɗa da shi. Ya bari aka matse shi, ya lafe bai motsa ba. Garga ya ji dabba ta yi laushi, wato lokacin wuƙa ya yi, ya juya fuska ya rufe ido. Gwiwar hannun Marto ce ta fara sauka a bakinsa, gwiwar ƙafa ta biyo a ciki. Abin da ya tuna bayan nan shi ne fitilun rufin zaure da fuskar Misbahu tana tambayarsa da Faransanci ko ya san ranar da ake ciki.

Kafin sallar isha'i bidiyon ya shiga kowace waya a Briqueterie. Teloli suka ajiye ɗinki suna maimaita kallon wurin shafa wuyan, masu tsire suna kwaikwayon waiwayen. Kunya ta kama Garga irin wadda bai taɓa ji ba, amma da safe ya fito tebur, don bai san inda mutum ke zuwa ba in ba tebur ba. Leɓensa na sama ya kumbura ya kusa toshe masa hanci.

Wajen hantsi sai ga Raliya, ba leda ba kwano, waya kawai a hannunta. Ta gaida Baba Haman da ke zaune a benci yana wasa wuƙa, sannan ta dubi Garga.

"Sannu da jiki, Malam Garga. Nuriyya ta nuna mini. Riƙon dai ba wanda ya kai ka. Amma sau uku ina ganin kana waiwaye. Wa kake nema?"

Ƙarya ba ta zo masa ba. Ya ce, "Baba Haman."

Tsohon ya ɗago kai. "Ni? Ka ce mini in zo?"

"A'a, Baba."

"To," in ji Raliya. "Na zo sallama ne. A yafe mu."

Hannun Garga ya tafi kan hanta da kansa. Ta ce ya bar shi, tukwane duk an ɗaure. Ta juya ta bi ta tsakanin tasi-tasi har ta ɓace masa, shi kuma yana tsaye da hanta a hannu, yana jin zafin da ya fi na leɓen.

Ya ajiye hantar. Ya wanke hannu, abin da ba ya yi sai an tashi kasuwa. Ya tsaya gaban benci ya ce, "Baba, ka raka ni Ekoudou."

Baba Haman bai tambaye shi yin me ba. Ya shiga gida ya fito da babbar riga, wadda daga ganin karin gugarta ta daɗe a ninke.

Suka tarar da Zakari a zaure zaune kan tabarma, jakunkuna da ƙullin tukwane jibge a bayansa, labulen ƙofar ciki a sake. Mutum ne siriri mai furfura a gemu, ba shi da yawan fara'a. Aka gaisa: gajiyar hanya, mutanen Ngaundere, ruwan bana, lafiyar shanu. Baba Haman ya ja gaisuwar iyakar inda take zuwa, sannan ya ciro carbinsa ya koma bayan Garga ya jingina da bango, ya yi gum. Bisa al'ada shi ya kamata ya yi magana, ya kuwa sani sarai.

Zakari ya dubi agogonsa, ya dubi leɓen Garga, ya ce, "Malam, lafiya dai?"

Garga ya ce, "Yaya, na zo neman auren Maman Nuriyya." Da kumburarren leɓe maganar ta fito a dagule, sai da ya maimaita, da ƙarfi, har aka ji wani kwano ya faɗi a bayan labule.

Zakari ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Tun yaushe ka san ta?"

"Shekara shida."

"Shekara shida. To me kake jira?"

Garga ya ji wuyansa ya fara juyawa hagu, wajen da carbi ke ƙas-ƙas. Ya sa tafin hannunsa a ƙeya ya tsai da shi, ya dubi Zakari ido cikin ido.

"Ba kowa," in ji shi.

Da yamma Zakari ya shiga jirgi shi kaɗai. Garga ne ya kai masa jaka tasha, ya dawo ya kwance tukwanen ɗaya bayan ɗaya.