Ranar da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yata

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wata masana'antar roba a Sharada, 'yarmu ta fari ta kai shekara uku ba ta iya tsayuwa sai da riƙo. In ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, sai hannun ya wuce shi. Tana jaririya ta taɓa faɗowa daga gado, matata na tsakar gida tana wanki. Ba wanda ya zarge ta, amma ita ta yanke wa kanta hukunci. Duk ta rame, fara'arta ta tafi.

Likitar yara ta tura mu hoton ƙwaƙwalwa, wanda suke kira MRI. Aka cire wa yarinyar 'yan kunne, aka ba ta maganin barci don kada ta motsa, aka tura ta cikin na'ura mai kama da ƙaton bututu. Ni mai cika bakin cewa ƙarar inji ba ta firgita ni, abin na fara bugawa sai da na nemi benci. Ita kuwa barcinta take sha.

Da muka mayar da hoton, likita ta nuna wajen ƙeya. "Malam, kun ga nan? Shi ke daidaita tafiya, nata bai girma yadda ya kamata ba." Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali inuwa kawai nake gani.

Matata ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Likita, faɗuwar da ta yi ce ko?"

"A'a, Maman yarinya. Wannan ba tabon buguwa ba ne, da shi aka haife ta. Ya yi kama da wani ciwon gado da ba kasafai ake ganinsa ba. Sai mun gwada jininku duka."

Gwajin ya tabbatar: daga ni da mahaifiyarta ya haɗu. Ba shi da magani, sai gashin ƙashi da haƙuri. Amma a adaidaitan da ya kai mu gida, matata ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa, da yamma kuma ta ci tuwo har da ƙari.

Tun daga nan na gane sanin sunan ciwo ma sauƙi ne, ko bai zo da waraka ba. Yanzu 'yata tana zuwa makaranta da keken dogarawa, maganarta a hankali, tsokana kuwa ba a magana. Kwanaki ta sa na fito mata da hoton, ta ɗaga shi a hasken taga, ta daɗe tana kallo.

"Abba," in ji ta, "ashe dai kan nan cike yake."